Spotify da waƙoƙin anime na makaɗan rok: kayan suna ciki, nemo su ne aiki

Duk wanda ya taso da kallon anime, wato katun ɗin Japan, irin su Naruto ko Bleach, a faifan da ake saye a kasuwar Wuse ko a fayil ɗin da abokai ke tura wa juna ta waya, ya san akwai minti ɗaya da rabi na farkon kowane kashi da ba a tsallakewa. Waƙar buɗewa ke nan. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi zama wa mutane a kai, ƙungiyoyin makaɗan rok ne na Japan suka yi su, masu jita da bes da ganga, waɗanda suke da nasu masoyan tun kafin wani katun ya ɗauki waƙarsu. Asian Kung-Fu Generation sun haɗu a Yokohama a 1996, L'Arc-en-Ciel kuwa a Osaka tun 1991. Wanda yake Abuja yana son jin waƙoƙin nan cikakku, da sauti mai kyau, ba tare da datarsa ta ƙare kafin tsakiyar wata ba, Spotify nake ba shi shawara, amma da sharaɗi. Manhajar ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, kuma tana ɗauke da mafi yawan abin da za ka nema. Inda take da rauni shi ne miƙo maka ainihin waƙar da ka ji a katun ɗin. Idan ba ka san yadda ake bi da ita ba, za ta ba ka mai kama da ita, ka yi ta ji kana cewa wani abu bai yi daidai ba.

Tushen rikicin yana can Japan. Waƙar buɗe anime yarjejeniya ce tsakanin masu shirya katun da kamfanin waƙa: katun ya samu kiɗa, makaɗa su samu talla. Shi ya sa za ka ga makaɗan Sony sun cika fagen, domin kamfanin Aniplex mai shirya anime reshen Sony Music na Japan ne. Ita waƙar tana da sunanta na kanta, ana kuma sayar da ita da sunan makaɗan, ba da sunan katun ba. Babu wata waƙa a duniya da ake kira "Naruto Opening 2". Sunanta "Haruka Kanata", ta Asian Kung-Fu Generation ce, kuma ta fito a ƙaramin kundinsu na 2002 kafin Naruto ya ɗauke ta. Idan ka rubuta sunan katun da lambar waƙa a wurin bincike, abin da ya fi saurin fitowa shi ne jerin waƙoƙin da wasu masu sauraro suka haɗa, da kuma masu kwaikwayo da suka sa wa nasu wannan sunan don su kama irinka. Wasu na fiyano ne, wasu an mayar da su Turanci, wasu kuma kiɗan kwamfuta ne aka ɗora wa murya.

Saboda haka matakin farko ba a cikin Spotify yake ba. Ka nemo sunan waƙar da sunan makaɗan a intanet, ko ka kunna kashin katun ɗin ka sa Shazam, manhajar da ke gano sunan waƙa, ta saurara, sannan ka shiga da sunayen biyu tare. A Naruto na farko, waƙa ta 4 ita ce "GO!!!" ta FLOW, ta 2004. A Naruto Shippuden, ta 3 "Blue Bird" ce ta Ikimonogakari, ta 6 "Sign" ta FLOW, ta 16 kuma "Silhouette" ta KANA-BOON wadda ta fito a 2014. Bleach ya buɗe da "Asterisk" ta Orange Range, 'yan Okinawa, ta biyu "D-tecnoLife" ta UVERworld, ta 7 "After Dark" ta Asian Kung-Fu Generation. Fullmetal Alchemist yana da tarko nasa, domin sau biyu aka yi shi, a 2003 da 2009, kuma waƙoƙinsu ba ɗaya ba ne. "Ready Steady Go" ta L'Arc-en-Ciel da "Rewrite" ta Asian Kung-Fu Generation duk na na 2003 ne, kada ka neme su a jerin Brotherhood, wato na 2009.

Ko da sunan a hannunka, akwai sauran rina a kaba. Japanawa da haruffa iri uku suke rubutu, kuma ba kowace waƙa aka sa wa suna da boko ba. Wata za ka same ta "Silhouette", wata kuma sai シルエット. Binciken Spotify yakan gane boko sau da yawa, amma ba kullum ba. Maganin yana cikin wayarka: shiga saitin Gboard, manhajar madannan rubutu, ƙara harshen Japananci, ka zaɓi tsarin QWERTY. Daga nan kana rubuta sautin kalmar da boko, ita kuma tana juya maka shi. Rubuta shiruetto, ta ba ka シルエット. Rubuta riraito, ta ba ka リライト, wato "Rewrite". Rubuta harukakanata, ka zaɓi 遥か彼方 a cikin abin da ta jero. Minti biyu ya isa a saita wannan, kuma shi ne abin da ya fi kowane rage ɓata lokaci. Sunayen makaɗan ma sukan yi karo da na wasu. FLOW kalma ce da mawaƙa barkatai ke amfani da ita. Nightmare da suka yi "the WORLD" ta Death Note a 2006 suna da takwarori a Faransa, wata tsohuwar ƙungiya mai wannan suna. SiM daban, SID daban. Kada ka tsaya ga sunan kawai, buɗe shafin makaɗan ka duba hotonsu da sauran waƙoƙinsu.

Hanya mafi tabbaci ta gane ta asali ita ce ka buɗe kundin da waƙar take ciki, ka gangara har ƙasa. Akwai ɗan layi mai alamar ℗ da shekara da sunan kamfanin da ya mallaki sautin. Idan ka ga Sony Music Labels a ƙarƙashin KANA-BOON ko Asian Kung-Fu Generation, ko Pony Canyon a ƙarƙashin "The Rumbling" ta SiM, to ka isa gida. Idan ka ga wani suna da ba ka taɓa ji ba, shekarar kuma ta yi nisa da lokacin da katun ya fito, ka sake dubawa.

Yanzu ga wurin da ko wanda ya ƙware yakan zame: makaɗan da kansu sukan yi waƙa ɗaya sau biyu ko uku, kuma duk halattattu ne, duk suna shafinsu. Na farko akwai gajeren yankan talabijin, mai tsawon daƙiƙa 89 ko 90, wanda ake rubuta wa "TV size" ko "TV edit". Cikakkiyar takan kai minti uku da rabi zuwa biyar. "The Rumbling" a haka ta zo a 2022, gajeriyar ta riga cikakkiyar fitowa da 'yan makonni, kuma har yanzu mutane suna saka gajeriyar a jerinsu ba su lura ba. Duba tsawon waƙar kafin ka ajiye. Sannan akwai sabunta ɗauka. Asian Kung-Fu Generation sun fitar da kundin Sol-fa a 2004, suka sake ɗaukarsa gaba ɗaya a 2016. Wannan ya haifar da abu mai ɗaure kai: "Rewrite" da ka ji a Fullmetal Alchemist ta 2004 ce, mai kaifi da garaje irin na ƙuruciya, amma "Re:Re:" da ka ji a Erased sabuwar ta 2016 ce, mai doguwar shimfiɗar jita kafin murya ta shigo. Kundi ɗaya, waƙa biyu, ɗaya tsohuwar ce daidai, ɗaya sabuwar. SPYAIR kuma mawaƙinsu na farko ya bar ƙungiyar a 2022, sabo ya shigo a 2023, suka sake rera wasu tsofaffin waƙoƙinsu da muryarsa. Wanda yake neman "Imagination" ta Haikyu!! yadda ya ji ta a 2014, ya guji wadda aka rubuta wa "New Version". Sabon mawaƙin yana da murya, ba ragi a nan, amma kunne ya riga ya saba da ta farko. "Zenzenzense" ta RADWIMPS tana da ta fim ɗin Your Name, da ta kundinsu mai ƙarin baiti, da ta Turanci. "unravel" ta Tokyo Ghoul, wadda TK na Ling tosite sigure ya yi, tana da mai sanyi da aka cire wa hayaniyar jita. Spotify takan tura wadda ake yayi a lokacin zuwa sama, ba ta damu da wadda ke cikin katun ba, kuma a ganina wannan ne babban aibinta ga mai son anime. Da ƙaramin rubutu ɗaya a gefen waƙa, mai cewa wannan ce aka yi amfani da ita a shiri kaza, da an huta.

Jerin da Spotify ta haɗa da kanta, irin su Anime Now, suna da kyau ga mai bibiyar sababbin fitowa, sai dai sun gauraya rok da sauran nau'o'in kiɗa. Mai son jita zalla gara ya bi jerin "This Is" na kowace ƙungiya, ya tsinto abin da yake so ya haɗa nasa.

Sai batun sauti da data, wanda a nan ne kuɗin wata yake biyan kansa. Matakin inganci huɗu ne aka saba da su: Low kusan kilobit 24 a daƙiƙa, Normal kusan 96, High kusan 160, Very high kusan 320, kuma wannan na ƙarshe sai mai biya. Waƙar da ke da murya da ɗan kiɗa kaɗan takan jure matsi. Rok ɗin Japan ba ya jurewa, domin a cushe yake: jita biyu, bes mai yawo sama da ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga mai ganga yana dukan farantan ƙarfe ba hutu. Idan aka matse fayil, farantan nan ne ke fara lalacewa. Maimakon "tsss" mai tsabta da ke ɓacewa a hankali, sai ka ji wani shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Gwada da "Silhouette" a Normal, ka kasa kunne ga amshin, inda komai ke shigowa lokaci ɗaya, sannan ka mayar High ka sake ji. Bambancin a fili yake ko da iyafis mai araha. Tsakanin High da Very high kuwa tazarar ƙarama ce, kuma a cikin mota ko a bakin titi ba za ka ji ta ba. Low a bar wa shirye-shiryen magana.

Lissafin data mai sauƙi ne. Waƙar minti huɗu tana cin kusan MB 2.9 a Normal, 4.8 a High, 9.6 a Very high. Awa ɗaya kuma kusan MB 43, 72 da 144. Ɗauki ma'aikacin da ke fitowa daga Kubwa ko Mararaba zuwa sakatariya, awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa idan hanya ta yi sauƙi, kwana 22 a wata. Awa 44 ke nan. A High zai iya kaiwa GB 3.2, a Very high ya haura 6. Manhajar takan ajiye waƙoƙin da ka saba ji a cikin waya, don haka ainihin abin da za ka kashe yakan gaza haka, amma ba abin dogaro ba ne. Ga kuma sabis da ke ɗaukewa a cunkoson Nyanya, lokacin da dubban wayoyi ke rububin turke ɗaya. Idan ingancin yana kan Automatic, manhajar za ta sauko da shi da kanta ba ta faɗa maka ba, sautin ya dushe a tsakiyar waƙa.

Sauke waƙoƙi ne ke kashe duk wannan, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin tsarin Spotify na kyauta bai isa ba, domin ba ya barin a sauke waƙa, ga talla a tsakani. Ka haɗa jerinka, ka sa ingancin saukewa a High, ka danna kibiyar saukewa a inda akwai Wi-Fi ko lokacin garaɓasar datar dare. Waƙa 200 za su ci kusan MB 960, a Very high kuwa kusan GB 1.9. Ka zaɓi ingancin tun kafin ka fara, don canza shi daga baya yana nufin sake saukewa. Idan da datar waya za ka yi, akwai maɓallin da sai ka kunna shi da hannu, in ba haka ba kibiyar za ta tsaya tana jira, ka zaci ta lalace. Wayar Android mai katin memori tana iya ajiyewa a katin. An yarda ka sauke har waƙa 10,000 a kowace na'ura, na'urori biyar. Sharaɗi biyu ne ke kama mutane. Dole wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya tafi. Kuma idan ranar biya ta zo babu kuɗi a katin, asusun ya koma na kyauta, waƙoƙin da ka sauke ba za su buɗu ba. Kafin ka fita da safe, kunna Offline mode, don kada manhajar ta zarce da kanta zuwa waƙoƙin da ba ka sauke ba bayan jerinka ya ƙare.

Wasu saituna uku suna da muhimmanci musamman ga irin wannan kiɗa. Crossfade, mai narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, a kashe shi ƙurmus. An gina waƙar anime ne don ta cafke ka a daƙiƙun farko, kuma "Haruka Kanata" da bes kaɗai take farawa. Idan wutsiyar wata waƙa ta hau kansa, an cire mata kai. Daidaita ƙarfin sauti kuwa a bar shi a kunne, a matakin Normal. Waƙoƙin shekarun 1990, irin "Driver's High" ta 1999, ba a ɗauke su da ƙarfin na yanzu ba, kuma idan "SPECIALZ" ta King Gnu ta biyo bayan ɗayarsu babu daidaitawa, sai ka zabura ka nemi maɓallin rage ƙara. Matakin Loud yana danne ƙololuwar sautin waƙoƙi masu sanyi don ya ɗaga su, wanda ke rage tazarar da ke tsakanin raɗar farkon "unravel" da fashewar da ke biyo baya, alhali wannan tazarar ce ran waƙar. Na uku Canvas, ɗan bidiyon da ke juyawa a bayan waƙa: kashe shi, data da batir kawai yake ci. Ga mai taɓa ikwalaiza, kada ya danna Bass booster. Bes a rok ɗin Japan waƙa yake rerawa, ba dundu yake yi ba, kuma ƙara masa nauyi yana binne jita da murya. Idan sautin ya yi maka kauri, rage kaɗan a tsakanin haz 150 da 400, ka bar sauran. Idan kuma kiɗan yana yankewa da zarar allon waya ya mutu, laifin mai tsimin batir ne na wayar. Shiga saitin batir ka cire Spotify daga manhajojin da ake takurawa.

Duk wannan ba ya amfani idan abin da ke kunnenka bai iya ba. Wanda zai sayi iyafis a Banex ko wata kasuwar waya, ya tafi da waƙa biyu a sauke ya roƙi gwaji. Farkon "Haruka Kanata" zai nuna masa ko bes ɗin yana fita ɗaya bayan ɗaya ko gunji kawai yake yi. Amshin "The Rumbling", inda jita mai nauyi da kayan kiɗan makaɗan fada irin na Turai da muryoyi suka haɗu, zai nuna ko iyafis ɗin yana iya raba su ko zai dama su kamar kunu. Kuma ya gwada robobin kunne ukun da ke cikin kwalin, ƙarami da matsakaici da babba. Sau da yawa abin da ake kira rashin bes robar ce ba ta toshe kunne ba. A mota, wayar AUX ko Bluetooth na rediyon motar sun fi ɗan abin nan da ake sokawa a ramin kunna sigari yana watsawa ta FM. Tashoshin FM sun yi yawa a Abuja, samun gurbin da babu kowa yana da wuya, kuma FM kanta tana yanke sautin sama daga wajen kilohaz 15, daidai inda ƙyallin farantan ganga yake.

Akwai abin da Spotify ba za ta ba ka ba. Hoton buɗewar katun, wanda rabin daɗin yana cikinsa, sai YouTube, inda tashoshin Crunchyroll da Aniplex da TOHO animation ke saka na halal. A can ne kuma tashar THE FIRST TAKE take, inda makaɗa ke rera waƙa a ɗauka ɗaya cikin farin ɗaki. TK ya yi "unravel" a can, KANA-BOON sun yi "Silhouette". Baitocin waƙa, idan sun fito a Spotify, galibi da haruffan Japan suke zuwa, don haka mai son bin waƙar da baki sai ya nemi rubutun boko a wani wuri. Sannan akwai waƙoƙin da lasisinsu bai kai Najeriya ba, ko kamfaninsu bai sake su ba. Kamfanonin Japan sun daɗe suna riƙe da cinikin faifan CD, Spotify ba ta ma shiga ƙasar ba sai 2016, L'Arc-en-Ciel kuma sai a 2019 suka saki waƙoƙinsu. Kunna saitin nuna waƙoƙin da ba sa kunnuwa. Za su fito da launin toka, ka san ba bincikenka ne ya gaza ba. Wadda ka mallaki fayil ɗinta, kana iya shigar da ita ta Local files ta zauna cikin jerinka tare da sauran. Boomplay da Audiomack, da suke cikin wayoyin mutane da yawa, ƙarfinsu yana wajen waƙoƙin gida, kuma don wannan aikin ba su nake zaɓa ba.

Kuɗin wata ya fara da naira 900 a 2021, an kuma ƙara shi tun daga lokacin, don haka a duba farashin ranar a cikin manhajar. Da naira ake biya. Akwai rangwamen ɗalibai ga wanda makarantarsa ke cikin tsarin tantancewa, akwai na mutum biyu, akwai na iyali mai ɗaukar mutum shida da ke zaune a adireshi ɗaya, kowa da asusunsa da jerinsa. Gidan da ke da yaya da ƙanne masu kallon anime, na iyalin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yana hana abin da ke faruwa idan mutum biyu suka raba asusu ɗaya: da zarar ɗaya ya kunna waƙa ta intanet a Gwarinpa, ta ɗayan ta tsaya a Lugbe.